Babi na Shida: Dabbar da Ake Ƙirgawa da Makwancinta

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, idan aka ce masa daji, abin da zai faɗo masa a rai shi ne fili mai ciyawa da ƙaya, ga kuka tsaye can nesa, inda mutum ke hango abin da ke tafe tun kafin ya iso. Kurmin Kuros Riba ba haka yake ba. A tsaunukan Oban, arewa maso gabas da Kalaba, ruwan da ke sauka a shekara yakan haura milimita 3,000, wato ya ninka na Kano sau uku har da ɗoriya. Itatuwa sun haɗe kai a sama, rana ba ta samun ƙasa sai ta ɗan tsakanin ganye, ƙasa kuwa kullum a jiƙe take. A irin wannan wuri ido ba ya cin nisa. Babbar dabba tana iya kasancewa taku ashirin daga inda kake, ka wuce ba ka sani ba.

A cikin wannan kurmi, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, akwai wani jinsin goggon biri da babu shi a ko'ina cikin duniya sai nan. Masana sun fara saninsa ne ta ƙwaryar kai. Wani Bajamushe mai suna Diehl, ma'aikacin kamfani a zamanin da Jamus ke mulkin Kamaru, ya tara ƙoƙunan kan dabbar, suka isa gidan tarihi na Balin, inda masanin dabbobi Paul Matschie ya dudduba su ya bayyana a 1904 cewa wannan wani iri ne daban. Daga nan labari ya yi sanyi. Bayan yaƙin basasar Nijeriya da aka gama a 1970, masana da dama sun ɗauka an ƙarar da shi a ɓangaren Nijeriya, sai a shekarun 1980 bincike ya tabbatar yana nan. Littattafai sukan ce an sake gano shi. Ni dai ban ga abin da aka gano ba, domin maharban ƙasar Boki, mazauna yankin, ba su taɓa cewa ya ɓata ba. Sun san tudun da yake kwana, wasunsu ma da ƙoƙon kansa a rataye a gida. Ba a tambaye su ba ne kawai. Sai a 2000 aka sake auna ƙasusuwan, aka amince cewa lallai ya bambanta da danginsa na Gabon da Kwango.

Yau ana ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba, kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya, saura a Kamaru. Yadda aka kai ga wannan adadi shi kansa labari ne, domin akwai masu binciken da suka shafe shekaru a kurmin ba su yi wa dabbar kallon ƙurilla ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne makwanci. Duk goggon birin da aka yaye yakan yi wa kansa sabuwar shimfiɗa kowane maraice: ya lanƙwaso rassa da ganye, ya tattake su, ya kwana, gari na wayewa ya bar ta. Da damina sun fi yi a kan bishiya, da rani kuma a ƙasa. Mai bin sawu yakan fita da sassafe, yana duban ɓargon tsiron da aka ɓare aka tauna, da shatin gaɓoɓin yatsu a laka, har ya kai inda garken ya kwana. A nan sai a ƙirga shimfiɗu. A duba kashin da ke gefen kowace, domin kaurinsa ke nuna babba ne ko yaro, siffarsa mai tsagi uku kuma ita ke raba shi da na biri mai ganga, wanda shi ma yana yin shimfiɗa a kurmin. A tsinci gashi, a ɗebi kashi a ƙaramar kwalba, a aika ɗakin gwaji don a karanta ƙwayoyin halitta. Har karnuka masu horo an taɓa kawowa daga Amurka su taya neman kashin.

Hoto kuwa ya yi wuyar samu sai da aka fara ɗaure kyamarori a jikin itatuwa, masu ɗauka da kansu idan wani abu ya gifta. A 2012 wata irin wannan kyamara a Kagwene ta Kamaru ta ɗauki garke na takwas suna wucewa. Babban namijin ya ruga yana dukan ƙirji, ɗaya daga cikin sauran kuma babu hannu ɗaya, abin da masana suka danganta da tarkon waya. A Yulin 2020 aka fitar da hotuna daga tsaunukan Mbe a Nijeriya, ga manya ga jarirai da yawa a goye. Guda ɗaya tak aka tabbatar ta taɓa rayuwa a hannun mutane, wata mace mai suna Nyango da aka ceto tana ƙarama a 1994, ta zauna a cibiyar kula da namun daji ta Limbe har ta mutu a 2016. Ma'anar wannan ita ce babu wani gidan zu a duniya da ke riƙe da iri. Idan na daji suka ƙare, shi ke nan.

Ba son hawa ne ya kai su kan duwatsu ba. Kwaruruka sun fi abinci, amma nan ne gonaki da maharba suke. Shekara da shekaru ana harbinsu, sai da suka janye zuwa tuddai masu wuyar hawa, suka rarrabu gida goma sha wani abu a cikin ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 12,000. Haihuwarsu kuma ba ta da sauri. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai kimanin shekara goma, cikin yana wata takwas da rabi, ɗa ɗaya take haifa, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. A tudun da ke da dabba ashirin ko talatin, kashe mace guda a shekara ya isa ya cinye duk abin da aka haifa. Mai ɗana tarkon waya ma ba goggon biri yake nema ba, gada yake so ko beguwa, amma waya ba ta tambayar hannun wa ta kama.

Maganin da gwamnati ta kawo shi ne gandun daji na ƙasa. A 1991, zamanin Janar Babangida, doka mai lamba 36 ta kafa Gandun Kuros Riba tare da wasu, ciki har da Gashaka Gumti da Yankari, wadda daga baya ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Gandun kashi biyu ne da ba su haɗe ba: Oban a kudu, mai murabba'in kilomita kusan 3,000, wanda ya jingina da Gandun Korup na Kamaru, sai Okwangwo a arewa, mai kusan 1,000, wanda ya jingina da Takamanda. Goggon birin yana Okwangwo. Oban kuma na da giwar kurmi, da biri mai ganga, da birin dril mai baƙar fuska, da nau'in malam buɗe littafi kusan dubu.

A takarda abin ya yi kyau. Sai dai kurmin ba kango ba ne. Ƙauyuka fiye da ɗari ne ke zagaye da gandun, wasu ma a tsakiyarsa suke, kamar Okwangwo da Okwa ta ɗaya da ta biyu, da Mkpot a ɓangaren Oban. Waɗanda suka tsara gandun, da taimakon ƙungiyar kare namun daji ta WWF da kuɗin Turai, sun shaida wa mutanen nan cewa idan suka bar farauta da saran daji za a kawo musu hanyoyi da ayyukan yi da sababbin dabarun noma, na ciki kuma za a sake musu matsuguni. Mutane suka sa rai. A Nuwamban 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta ga Nijeriya, babban shirin raya karkarar da aka ɗora wa buri a Oban ya tsaya. Hani ya zauna, alkawari ya tafi. Ƙauyukan tsakiyar Okwangwo har yau suna inda suke, jama'arsu ta ƙaru, gonakinsu na faɗaɗa, har ana fargabar su raba wannan ɓangare na gandun biyu. Ma'aikacin gandu da ya je ya ce wa dattijon Okwa kada ya sare daji, amsar da zai samu tana nan a shirye tun shekara talatin da suka wuce: ina abin da kuka ce za ku yi mana?

Ya kamata mai karatu ya san abin da waɗannan mutane ke samu a kurmin, don kada ya ɗauka ɓarna ce kawai ta kai su. Ogbonon da ake kaɗa miya da shi, wanda yanzu ake aunawa a kasuwannin Arewa, ƙwallon wani mangwaron daji ne da ake tsinta da damina. Iyali sukan tare a bukka cikin kurmi makonni suna fasa ƙwallo suna shanyawa, kuɗin makarantar yara da yawa daga nan yake fitowa. Ganyen afang da ake miya da shi a Kalaba wata igiya ce da ke hawa itatuwa. Har sandar kiwo tana ciki: akwai wani ƙaramin itace mai tauri a wannan kurmi da na Takamanda da ake sara a ɗaure dami dami a yi Arewa da shi, a sayar wa makiyaya. Waɗannan duka suna buƙatar kurmi a tsaye, ko da yake mai tsintar ogbono ma yakan tafi da bindiga da waya. Wanda ke kwantar da kurmin gaba ɗaya shi ne koko. Ikom cibiyar koko ce, kuma duk lokacin da farashi ya tashi a kasuwar duniya, kamar yadda ya yi tashin gwauron zabi a 2024, sai gatari ya ƙara shiga daji. Manomin da ya ga buhu ɗaya ya kawo masa abin da uku suke kawowa da, ba wa'azin goggon biri ne zai tsayar da shi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan yanki ba a cikin gandun gwamnati yake ba. Tsaunukan Mbe, inda aka ɗauki hotunan jariran nan, ba na tarayya ba ne, ba na jiha ba. Na ƙauyuka tara ne da ke zagaye da su. Tun farko an so a haɗa su cikin gandun ƙasa, hakan bai yiwu ba. Daga baya ƙauyukan suka kafa ƙungiyarsu, suka shata iyakar inda ba a noma ba a farauta, suka sa tara ga wanda ya karya, ƙungiyar kare namun daji ta WCS kuma ta ɗauki 'yan ƙauyukan aikin gadi, da yawansu tsofaffin maharba. Hikimar a fili take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon maharbi ya san hanyar da ake bi da dare, ya san inda ake kafa bukka, yana ganin yadda aka ɗaure waya zai iya faɗa maka daga wane ƙauye mai ita ya fito. Wanda aka kama kuma ba gaban baƙon alƙali za a kai shi ba, gaban dattawan garinsu ne, inda kunya ta fi tara ciwo. Masu gadin suna yawo da na'ura mai nuna wuri, suna shigar da kowane tarko da kwanson harsashi da makwancin da suka gani, a ƙarshen wata a ga inda sintiri ya kai da inda bai kai ba. Inaoyom Imong, ɗan jihar da ya daɗe yana jagorantar wannan aiki, ya karɓi lambar yabo ta Whitley a Landan a 2015.

Kada dai a yi saurin cewa an samu magani. Albashin masu gadin Mbe daga masu ba da tallafi na ƙasashen waje yake fitowa, kuma mun ga abin da ya faru a Oban ranar da irin wannan kuɗi ya yanke. Wani zai ce to a yi yadda Ruwanda ta yi mana. A can baƙo yana biyan dala 1,500 don ya zauna awa ɗaya kusa da goggon birin tsauni, ana ba ƙauyukan kewaye wani kaso, adadin dabbar kuma a ƙasashe ukun da take ya haura dubu. Amma kafin baƙo ya zauna kusa da garke, sai an shafe shekaru ana binsa kullum har ya daina gudun mutum. A Kuros Riba an ƙi yin haka da gangan. Garken da ya saba da mai kyamara ba zai guji mai bindiga ba, kuma babu isassun masu gadin da za su tsaya a kansa dare da rana. Ga cututtukan mutane, irin su mura, da ke kama su cikin sauƙi. Tsoron mutum shi ne ya kawo su yau, cire musu shi kuwa kasada ce da dabba 300 ba za ta iya ɗauka ba. Saboda haka dabbar ba ta kawo kuɗin yawon buɗe ido, wanda zai kare ta sai dai ya nemo dalili da kuɗi daga wani wuri.

Barazana mafi girma da kurmin ya gani a 'yan shekarun nan daga gidan gwamnati ta fito. A 2015 Gwamna Ben Ayade na jihar Kuros Riba ya sanar da katafaren titi mai tsawon kilomita 260 daga gaɓar teku kusa da Kalaba zuwa iyakar Binuwai, Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin a watan Oktoba. A Janairun 2016 gwamnatin jihar ta fitar da sanarwar karɓe ƙasa kilomita goma a kowane gefen titin, tun daga farkonsa har ƙarshe. Titi komai faɗinsa ba ya cin kilomita ashirin, don haka mutane suka fara tambayar ko katakon da ke wurin ake so. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai mutanen Ekuri, ƙauyuka biyu da ke riƙe da kurmi mai hekta 33,600 a gefen Oban, waɗanda tun da daɗewa suka ƙi sayar da shi ga kamfanonin katako, har suka samu lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2004. Maza da mata suka fito suka tare motocin rusau. Aka tara sa hannun mutane fiye da 250,000 aka kai Abuja. A 2017 gwamnatin jiha ta janye karɓe ƙasar, aka kuma karkatar da hanyar daga wasu muhimman wurare. Ayade ya sauka a 2023 titin bai kammalu ba, sai tabon inda aka share. Waɗanda suka fara tsayawa gaban motocin ba ma'aikatan gandu ba ne, masu ƙasa ne.

Batun katako ya tafi ta wata fuskar. A 2008 Gwamna Liyel Imoke ya haramta saran itatuwa a duk jihar, da fatan samun kuɗin da ƙasashe masu arziki ke alkawarin biya don a bar daji a tsaye. Kuɗin bai zo yadda aka zata ba. Haramcin ya hana ƙauyuka ɗan kason da suke samu ta halal, amma bai hana injin zarto kuka a daji ba, manyan motoci kuma suka ci gaba da fita da dare. A 2023 Gwamna Bassey Otu ya ɗage shi.

A ɗaya gefen iyakar, Kamaru ta mai da Takamanda gandun ƙasa a 2008, ta kuma keɓe Kagwene, inda al'ada ta daɗe da hana kashe goggon biri. Sai rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya ɓarke daga 2016, sintiri ya gagara a wurare da dama, bindigogi suka yawaita, dubban 'yan gudun hijira suka tsallako Kuros Riba, wasu suka sauka a ƙauyukan bakin kurmi, kuma dole su ci abinci. A Afrilun 2024 ƙasashen biyu suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar kula da dazukan iyaka tare. Dabbar dai tun can ba ta san da iyakar ba.

Saura wani abu da kwalaben kashin nan suka nuna. Binciken da Richard Bergl da Linda Vigilant suka wallafa a 2007 ya gano cewa tuddan ba su yanke da juna ɗungum ba. Jefi jefi akan samu dabbar da aka haifa a wani tudu tana rayuwa a wani, wato ta sauko ta ratsa kwari ta hau. Wannan ɗan zirga-zirga shi ke hana ƙaramin garke auratayya da jininsa har ya raunana. Kwarurukan da suke ratsawa kuwa galibi ba sa cikin kowane gandu. Tsakanin tsaunin Afi, wanda jiha ta keɓe a 2000, da tsaunukan Mbe, akwai titin Ikom zuwa Obudu, da ragowar wani dajin gwamnatin jiha da gonakin koko da ayaba suka ci wani ɓangare nasa. Tsakanin Mbe da Okwangwo ma ƙasar ƙauyuka ce. Mashigar da ta rage siririya ce, kuma kowane yanki nata akwai iyalin da ke ganin nan ne gonar ɗansu idan ya yi aure. Aikin da masu kare dabbar suka fi sa wa ƙarfi yanzu shi ne zama da waɗannan iyalai: a raba musu irin koko mai yawan 'ya'ya, a koya musu gyaran tsohuwar gona ta ba da amfani ba sai an buɗe sabuwa ba, a dasa ogbono kusa da gida, su kuma su sa hannu cewa za su bar mashigar. Ana yin wannan ciniki ne ƙauye bayan ƙauye, kuma duk damina sai an koma an duba ko iyakar da aka shata tana nan.